Shekarar da Tsutsa Ta Cinye Tumatirinmu

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki, da gajiyar hanya, da gajiyar shirye-shirye, da yadda kika sami mutanen Kano. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki duka suna gaishe ki. Kawunki Garba na Birnin Tudu ya aiko da tasa gaisuwar, ya ce a gaya miki yana sa ki a addu'a bayan kowace salla. Allah Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya sauke jirginku lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba.

Kin san ba na iya kiran sunanki, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Kin kuma san ban iya doguwar magana ido da ido ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, na ba yayanki ya kawo miki kafin ku tashi.

Ranar da kika yi sallama da gida, Gwaggonki Asabe ta yi wata tambaya a tsakar gida, mata suka yi ta dariya. Ta ce, "Wai mi anka ce za ta karanto? Ƙwari? A haye teku don ƙwari? Ga su nan cike da rumbu, kyauta!" Kika yi murmushi kawai. Ni ma ban tanka ba, don yayata ce, ba na mayar mata da magana cikin mutane. Amma tambayarta ta cancanci amsa. Ke ma wata rana, in sanyi ya dame ki, aiki ya ƙi ci, kewar gida ta taso, za ki yi wa kanki irinta. To ga amsar da nake da ita. A gonar tumatir na samo ta.

Kina jami'a a Sakkwato a shekarar, abin da kika sani kawai shi ne an yi hasara. Ban taɓa ba ki labarin yadda aka yi ba.

Tumatir ya yi kyau a gonarmu ta bakin magudana irin kyan da ban taɓa gani ba. Ruwan dam yana zuwa kan lokaci, 'ya'ya sun ɗauru har rassa suna kwantawa ƙasa. Ni da Kawunki, da yake gonarsa manne take da tawa, mun riga mun yi magana da direbobin da za su kai mana kaya kudu. Wata safiya na ga fararen tabo a ganye, kamar an kankare koren an bar fatar kawai. Na ɗauka ƙunar rana ce. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙananan huji a jikin 'ya'yan. In ka fasa, ciki ya yi baƙi, ga wata 'yar tsutsa wadda da ƙyar ta kai tsawon ƙwayar shinkafa.

Ranar Talata na shiga kasuwa wajen masu maganin feshi. Mai shagon ya ɗauko wata kwalba mai sheƙi ya ce, "Wanga daga waje anka kawo shi, Malam Umaru. Dubi rubutun." Na duba rubutun, ban iya karanta ko kalma ba, sai hakan ya ƙara mini natsuwa. Na fesa. Tsutsa ba ta ko girgiza ba. Na ninka. Na sayo wani na gauraya da na farkon. Idanuna suka yi ja, ƙirjina ya riƙa zafi, Innarki tana dama mini nono in na dawo wai ya kashe dafin. Gona kuwa tana ƙonewa a gabana kamar an bi ta da wuta.

Ba sayen maganin ne wautata ba, kowa ya saya. Wautata ita ce na ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasar masu ilimi, da iliminsa yake zuwa a cikin kwalba, ni dai nawa in zuba. Ban tambayi kowa wace irin tsutsa ce ba, ko ina take kwana, ko me take haifa. Uwata, za ki je inda ake yin irin waɗannan kwalabe. Duk abin da aka miƙa miki, ki tambaya don wace ƙasa aka yi shi, a wane irin zafi aka gwada shi, kuma a kan gonar wa.

Abin bai tsaya a gonata ba. Ya bi magudana ya shiga Bakura, ya shiga Maradun, muka ji labarin har jihohin da ke gabas da mu haka ne. A lokacin na gane yawan bakin da ke cin abinci a jikin tumatir. Masu saƙa kwando suka tara kwanduna har rufi ba mai saye. 'Yan dako suna zaune a tasha suna kallon hanya. Direbobi suka juya da motoci babu kaya. Innarki da ke yanka kauɗa tana shanyawa kowace shekara, ta naɗe tabarminta ta jingine. A gidan manomin tumatir, da tumatirin gwangwani wanda aka yo daga wata ƙasa muka yi miya. Ranar da na ga gwangwanin nan a kusa da murhu, fita na yi daga gidan.

Kawunki ya ce shi ya gama da tumatir. Zai sayar da gonar, samarinsa su tafi haƙar zinariya kamar yadda sa'o'insu ke yi. Kin san abin da ke cikin ramukan nan da dajin da suke. Babban ɗansa bai ma jira ba, ya ɗauki jaka ya tafi. Innarki ta yi kuka, don ɗan ƙanenta ne, a hannunta ya tashi.

Ana cikin haka, da lokacin renon irin tumatir ya kewayo, Dakta Lawali ya zo.

Mutumin Maradun ne, ɗan maƙeri. Ya yi karatunsa a nan, gwamnati ta tura shi waje ya ƙaro ilimin ƙwarin gona, ya dawo yana aiki a wata cibiyar binciken noma. An ba shi kuɗin bincike na 'yan shekaru a kan wannan tsutsa, wani kaso daga gwamnatinmu, wani daga wata jami'a ta can inda ya yi karatu. Ya zo da wata tsohuwar mota, da malafa a ka, da takalmin roba. Ya yi sallama, ya tsuguna ya gaishe mu gaisuwar 'yan gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya yi mana jaje. Sannan ya roƙi in ba shi wani sashe na gonata ya yi gwaji.

Na ce, "Dakta, me za ka gwada wanda ba mu gwada ba?"

Ya nufi wasu 'yan tsirarun tumatir da suka fito da kansu a bakin ruwa, ya tsinko ganye ɗaya, ya ɗaga shi saitin rana. Ya ce, "Malam Umaru, zo ka gani." Na leƙa. Ga tsutsar nan a tsakanin fatar sama da fatar ƙasa ta ganyen, tana ci hankalinta kwance.

Ya ce, "Maganinka bisa yake zuba, ita tana ciki, kamar mutum a ɗaki ana ruwa. Kuma kakanninta sun sha irin maganin ga a ƙasashen da sunka ratso kafin su iso nan, har ya zama bai yi musu komi."

Ya nuna mana uwar, wani ɗan ƙwaro mai fiffike ruwan toka, wanda in ya sauka a riga ba za ka kula ba. Sai ya buɗe wata jaka ya fito da ɗan guntun roba kamar abin goge fensir. Ya ce an jiƙa shi da ƙanshin da macen ke fitarwa in tana neman namiji. Hancin mutum ba ya jin sa, amma mazan suna jiyo shi daga nesa. In aka rataye shi a kan robar ruwa mai sabulu, sai su taho su faɗa ciki, mata su rasa mazan, ƙwai ya ragu.

Kawunki ya karɓa ya shinshina, ya jujjuya. Ya ce, "Wato Dakta, ƙarya za mu yi musu? Mu ce ga amarya, su sheƙo su faɗa ruwa?"

Dakta ya ce, "Hakanan ne, Alhaji."

Kawunki ya ce, "Ashe ko cikin ƙwari maza ne wawaye." Rabon da in ji dariyarsa tun kafin hasarar.

Ni ban yi dariya ba. Na tambayi inda aka yi robar. Da ya ce waje, sai na miƙa masa abinsa na ce na ƙoshi da kayan waje, sun ci mini gona sun ci mini ƙirji.

Abin da ya gaya mini a bakin magudanar nan, har yau ina iya maimaita shi. Ya ce, "Ƙwaron ma baƙo ne, daga wata nahiya ta bayan teku ya taso. Mutanen can sun riga mu shan wahalarshi. Ƙasashensu sun ɗauki mutane, sun biya su shekara da shekaru, ba su da aiki sai zama da wanga ƙwaro, har sunka gane ƙanshin. Ba su taɓa jin sunan Mafara ba, amma ga aikinsu a hannunka. In mun ce ba mu so, sai mu faro daga farko, kuma gonarka ba ta iya jira. Abin da ba su sani ba shi ne ranarmu, da iskarmu, da yadda muke noma. Wannan ba wanda zai bincika muna. Shi ne aikina."

Na ba shi gonar.

Kin ga yadda na yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, jiya duk abin waje gaskiya ne, yau duk abin waje cuta ne. Mutumin da ya ji ciwo haka yake yi. Ke kada ki yi. Za ki zauna gaban malamai waɗanda ba addininku ɗaya ba, ba abincinku ɗaya ba. Ki girmama su, ki kwashi abin da suka sani ba tare da jin kunya ba, don kakanninsu da harajinsu ne suka biya wahalar gano shi, ke kuma Allah Ya kai ki ki same shi a dafe. Ki gode musu da baki, ki gode musu da aiki.

Da farko abin kamar sihiri. Kowace safiya robobin nan baƙi ƙirin da ƙwari. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Garbadu. Sai kuma kamun ya fara raguwa, alhali tabon ganye yana ƙaruwa. Dakta ya bi diddigi ya gano zafin ranarmu yana kashe ƙanshin da wuri, tun kafin lokacin da masu yin sa suka rubuta. Ruwan robar yana ƙafewa kafin la'asar. Sauran robobin ƙanshin da ya ajiye a gari kuwa, firij suke so, wuta ba ta zama, suka lalace a ajiye. Sashen gwajin nan ya ƙone kamar na bara. Masu wucewa a kan babur suka riƙa nuna shi suna cewa ga gonar Dakta.

Raina ya ɓaci. Na same shi na ce ina son gonata.

Ya cire malafarsa ya ce, "Ka yi gaskiya, Malam Umaru, hasara ce gare ka, kuma ban da bakin ba ka haƙuri. Amma yau mun san abin da ba a rubuta shi ko'ina a duniya ba. Mun san yadda abin ga ke mutuwa a ranarmu. In ka ƙara ba ni rani guda, ina so. In ba ka ba ni ba, na gode da wanda ka ba ni."

Na ce zan yi shawara, amma a zuciyata na gama yankewa.

Abin da ya juya ni, da idona na gan shi. Da bazara, lokacin da kowa ya watse daga gonaki, zafi yana dukan ƙasa har tana tsagewa, na je duba wata madatsa da ta fashe. Na hango mutum yana rarrafe a cikin busassun karan tumatir. Dakta ne, shi kaɗai, da ɗan gilashin da ke ƙara girman abu a hannunsa, yana bin tsiron gautan daji na bakin magudana ganye bayan ganye. So yake ya gane inda ƙwaron ke fakewa in babu tumatir. Da na matso na ga jikinsa yana rawa, zazzaɓi ne. Na ce ya tashi in kai shi gari. Ya zauna a gindin mangwaro ya sha ruwa, ya ce in ba shi ɗan lokaci, ya kusa gama layin. Ya koma ya gama shi kuwa, sannan ya hau bayan babur ɗina.

Na dawo gida na ce wa Innarki, mutumin da ke yin haka ba a karɓe masa gona.

Uwata, gwajinki zai ƙi. Ba sau ɗaya ba. Ranar da ya ƙi, kada ki ce an yi asarar kuɗin da aka kashe a kanki. Ni na faɗi haka a kan aikin Dakta, alhali ranin da ya ƙone shi ne ya haifi duk abin da ya biyo baya. Ki rubuta gaskiyar abin da kika gani ko da ba shi ake so a ji ba. Da Dakta ya ɓoye cewa ƙanshin yana mutuwa don kada masu ba shi kuɗi su yi fushi, da har yau muna rataye robar banza.

A hanyar asibiti ranar nan wayarsa ta yi ƙara, ya yi magana da Turanci mai tsawo. Da ya gama ya ce tsohuwar malamarsa ce ta can waje. Yana aika mata da abin da ya gano game da zafi, ita kuma za ta aiko masa da wata irin roba da ta fi riƙe ƙanshi ya gwada. Su ma, in ji shi, suna da ƙasashe masu zafi da ke sayen kayansu, aikinsa ya amfane su. Ashe abu yana zuwa, abu yana tafiya. Ya ce ta sha yi masa tayin ya koma can, akwai aiki, akwai kayan aiki, wuta ba ta ɗaukewa.

Na ce, "To me ya hana ka?"

Ya ce, "In na tafi, in sun aiko da abu, wa zai karɓa?"

Na daɗe ina juya wannan magana. Ilimin waje yana yawo a duniya, yana shiga jirgi, yana shiga waya, yana shiga kwalba. Amma ƙasar da ba ta ciyar da nata masu binciken ba, ko an kawo mata shi har ƙofa ba ta da hannun karɓa. Ni ne shaida, an kawo mini, na zuba shi a ƙirjina.

Rani na biyu ya zo da abubuwa ƙanana, waɗanda in an faɗa wa mutum sai ya ce ai wannan ba ilimi ba ne. Ya sa aka yi wa kowane tarko, wato robar ruwan nan, 'yar hular zana don inuwa. Ya gano lokacin da ya kamata a sauya robar ƙanshin a yanayinmu. Wata rana ya sha ruwan randar Innarki, ya tsaya yana taɓa jikinta, washegari sai ga shi da ma'aunin zafi. Daga nan muka koma ajiye robobin ƙanshin a cikin kwalba, kwalbar a cikin randa, randar a cikin jiƙaƙƙen yashi. Ya koya mana tsinke ganyen da ya kamu a binne shi, da jiƙa dakakken ƙwallon dogonyaro a fesa. Maganin kwalba ma bai hana ba. Ya zaɓo wanda ke ratsa ganye, ya ce ba a taɓa shi sai tarko ya nuna ƙwari sun yi yawa, kuma a riƙa sauya iri don kada su saba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, sai da ya gwada shi a fangali daban, ya kwatanta, ya sake.

Saura abu guda da ya fi ƙarfinsa. In na tsaftace gonata maƙwabcina bai yi ba, ƙwarinsa nawa ne. Dole duk masu noma a magudanar su tuge tsohon kara su ƙone, su cire gautan daji, su dasa a lokaci guda. Dakta ya ce shi bai iya tara mutane ba. Nan Kawunki ya miƙe. Mutumin da ya ce ya gama da tumatir, shi ne ya hau babur yana bin masallatai da majalisu daga Birnin Tudu har cikin Bakura, da guntun roba a aljihu, yana ba da labarin amaryar ƙarya. In an gama dariya sai ya ɗaure fuska ya ce, "To ku ji, ɗana yana cikin rami yanzu haka. Wanda duk bai tuge karanshi ba, shi ya hana shi dawowa." Ba kowa ya bi ba, amma mafi yawa sun bi.

Tumatirin shekarar bai kai na farkon kyau ba, ƙwaron kuma bai ƙare ba, har gobe yana nan. Amma motoci sun yi lodi. Masu kwando sun sayar. Innarki ta shimfiɗa tabarminta. Kawunki bai sayar da gona ba. Ɗansa ya dawo ana tsakiyar ɗiba, ya rame, ya yi baƙi, ya ɗauki kwando ya shiga layi.

Ranar da motar farko ta tashi, na tsaya ina tunani. Gonar ita ce dai ta bara. Ruwan shi ne, hannuwan su ne, gumin ma bara ya fi yawa. Me ya ƙaru? Sani ne kawai, rabinsa an biya kuɗinsa a wata ƙasa tun kafin mu san ƙwaron, rabinsa an biya a nan. A da ina ɗauka arzikin ƙasa ba ya ƙaruwa sai an ƙara faɗin gona ko an ƙara yawan masu aiki. Ashe akwai wata ƙaruwar da ke sa gona ɗaya da mutum ɗaya su ba da fiye da abin da suke bayarwa. Ki auna wannan a kan shinkafa, da alkama, da shanu, da masaƙa, da asibiti, a kowace jiha. Abin da ke raba ƙasar da ke sayarwa da ƙasar da ke saye ke nan. Wahalarsa ita ce kuɗin bincike ba ya nuna kansa a shekarar da aka kashe shi, kuma ba a yanka masa ƙyalle a buɗe shi da tafi.

Burin Dakta shi ne a riƙa haɗa ƙanshin nan a ƙasarmu, don kada mu dogara da jirgi. Har an sayo masa wata na'ura ta tantance sinadarai, ya fara. Sai wa'adin kuɗin ya cika, ba a sabunta ba. Ban san wanda zan ɗora wa laifi ba, amma na san namu kason. A tsakanin nan manya sun zo sun tara mu sun tambayi abin da muke buƙata. Muka ce taki, muka ce injin ban ruwa, muka ce hanya. Ni ma na miƙe na yi magana, taki na ce. Ba wanda ya ce a bar mana Dakta. Bai zo mana a rai cewa shi ma abu ne da ake roƙa ba. Yanzu robar ƙanshin tana zuwa wata shekara, wata shekara ta yi wuya, wata shekara a kawo ta jabu.

Don haka in Allah Ya ba ki ilimin nan, kada ki bar shi a harshen da mu ba mu ji. Ki iya bayyana aikinki ga Gwaggonki Asabe har ta gane. Mutane ba sa roƙon abin da ba su san amfaninsa ba, masu rabon kuɗi kuma abin da aka roƙa suke ji.

Da takardarki ta fito cewa an ɗauki nauyin karatunki, na shiga mota na je har wurin aikinsa don in gaya masa da bakina. Ya yi furfura. Koyarwa yake yi yanzu, ɗalibai cike da ƙofarsa. Da na faɗa masa, ya miƙe tsaye ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi ta sa miki albarka har na ji kunya. Sannan ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni ɗakin gwaje-gwajensa. Ga na'urar nan a kan tebur, an lulluɓe ta da zane. Ya ɗaga zanen, tana sheƙi kamar sabuwa, don kullum sai ya goge ta. Ya ce wani ɗan ƙaramin abu ne ya lalace a cikinta, kuma wanda ya iya gyaran sai an ɗauko shi daga ƙasar da aka ƙera ta.

Na ce ko yana da saƙo gare ki.

Ya mayar da zanen a hankali, ya daidaita gefensa. Ya ce, "Ka ce mata, ni da na je can, aiki da na'ura na koyo, ban koyi cikinta ba. Duk ranar da tasu ta lalace anka kira mai gyara, kada ta tafi shan shayi da sauran ɗalibai. Ta tsaya a kanshi. Ta riƙe mishi fitila, ta yi tambaya har ya gaji da ita."

Na isar da saƙo.

Ba zan sa ki rantse cewa za ki dawo ba. Rayuwa a hannun Allah take, kuma na ga yadda aikin wanda ke nesa yake isowa gonar da bai taɓa gani ba. Amma na gaya miki abin da na gani a wurin mutumin da ya dawo, kuma a duk mutanen da na sani, ban ga wanda ya fi shi cika mini ido ba.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da agogonsu ya saɓa da namu. Ki kula da abin da za ki ci. Ki sa kayan sanyi tun kafin ki ji sanyin. Ki kiyaye mutuncinki da na gidan da kika fito. In kin yi kuskure ki faɗa da wuri, in ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya sanya albarka a karatunki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, da sharrin hanya, da sharrin kaɗaici. Allah Ya sa ki amfani mutanen da kika sani da waɗanda ba za ki taɓa sani ba. Na yafe miki duniya da lahira, Innarki ma ta yafe miki.

In kin sauka, ki fara kiran Innarki kafin ni. A gabanki ta daure ba ta yi hawaye ba, amma tun da kika fita, in ta zo rabon tuwo sai ta jera kwanonki a cikin na ƙannenki, sannan ta tuna ta ɗauke.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Umaru
Talata Mafara